Gaiwa, gartsa da « anguille »: wane kifi ne zai iya zama da wani a akwatin gilashi?

Daga unguwar Djamboutou zuwa bakin Kogin Binuwai ba wata doguwar tafiya ba ce, shi ya sa samun kifi mai rai ba ya yi wa mazaunin Garwa wuya. Mai sha'awar ajiye kifi a ɗaki don ado yakan fi karkata ga dogayen nan masu siffar maciji, waɗanda a Faransancin kasuwa akan haɗa su a kira su da suna ɗaya, « anguille ». Sai a sayo uku ko huɗu a bokiti guda, a juye su cikin akwatin gilashi guda, a riƙa zuba musu abinci iri guda. Kafin wata ya zagayo sai a tarar ɗaya ba wutsiya, ɗaya ya rame kamar tsinke, wani kuma ya fito cikin dare ya bushe a ƙasan ɗaki.

Asarar ba daga rashin sa'a take zuwa ba. Kama da wane ba ta wane: waɗannan kifaye tsawon jiki kawai ya haɗa su, amma danginsu daban, numfashinsu daban, halinsu da cimarsu daban. Wanda ya san ko wane ne a bokitinsa, tun kafin ya biya kuɗi zai san wanda zai zauna da wani da wanda sai shi kaɗai.

Ainihin « anguille » ba ta cikin Binuwai

Kifin da masana ke nufi da wannan suna ɗan dangin Anguilla ne, kuma rayuwarsa rabi a kogi take, rabi a teku. Nau'in Turai yana girma a kogunan Faransa, Ingila da Maroko, sannan ya yi tafiyar kilomita fiye da 5,000 zuwa Tekun Sargasso da ke yammacin Atilantika don ya yi ƙwai. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johannes Schmidt, shi ya gano wannan wuri a farkon shekarun 1920, bayan ya shafe kusan shekara 20 yana bin sawun 'ya'yan kifin a teku. Yau yawansa ya ragu ƙwarai, har yarjejeniyar CITES ta sa shi cikin dabbobin da ake sa wa cinikinsu ido tun 2009.

A Afirka ana samun danginsa a kogunan gabas da kudu masu zuba a Tekun Indiya. Amma babu shi a Binuwai, babu shi a Kwara, babu shi a Tafkin Chadi. Don haka duk dogon kifin da masunci ya kamo a Garwa, Lagdo, Yola ko Diffa, wani kifi ne daban. Wannan bayani yana da amfani ga mai neman shawara a intanet: idan ya rubuta « anguille » kawai, zai karanta ƙa'idojin kifin da ba shi ne a ɗakinsa ba.

Su wane ne a cikin bokitin

Ta farko ita ce gaiwa, wadda wasu ke kira maimama, masana kuma Protopterus annectens. Ana gane ta da fukafukai huɗu sirara kamar zare. Tana da huhu, kuma dole ta riƙa leƙowa saman ruwa ta shaƙi iska; in aka hana ta, nutsewa take yi ta mutu duk da kifi ce. Takan kai tsawon mita guda. Idan tafki ya ƙafe da rani, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Masunta kan ce gaiwa jikinta take ci, kuma bincike ya gaskata su: a wannan kwanciya tsokar jikinta take narkarwa ta rayu. Bakinta na ɗauke da faffaɗan haƙora masu fasa ƙwanson dodon koɗi, kuma duk abin da ya gifta gabanta takan gwada cizonsa.

Ta biyu gartsa ce, ko gwando, wato dangin Polypterus. Ɓawonta mai tauri ne kamar sulke, kuma a gadon bayanta akwai jerin ƙananan fukafukai kamar tutoci. Masanin Faransa Étienne Geoffroy Saint-Hilaire ya ci karo da ita a Kogin Nilu lokacin da ya bi rundunar Napoléon zuwa Masar a 1798. Ita ma tana da huhu. A 2014 masu bincike na Jami'ar McGill da ke Kanada sun wallafa yadda suka rena 'ya'yan gartsa wata takwas a waje da ruwa, a wuri mai danshi, suka rayu har tafiyarsu a ƙasa ta ƙara kyau. Ƙaramin nau'inta, Polypterus senegalus, yakan tsaya wajen santimita 30 a akwati, manyan nau'o'in kuwa sukan haura 60. Idonta ba ya gani sosai, da hanci take farauta, galibi da dare.

Na uku shi ne wanda Faransawa ke kira « anguille épineuse », ɗan dangin Mastacembelus, mai tsinin baki da jerin ƙayoyi a baya. Mai ƙaya ba shi da huhu, don haka rayuwarsa ta dogara da iskar da ke narke cikin ruwa. Fatarsa mai laushi ce, yana son binne jikinsa a yashi ya bar kai kawai a waje, kuma yana da kunya wajen cin abinci.

Na huɗu yauni ne, wanda ake yi wa laƙabi da ɗan sarki, wato Gymnarchus niloticus. Yana tafiya gaba da baya da dogon fiffiken bayansa, yana kuma fitar da wata 'yar wutar lantarki mai rauni da yake gane hanya da ita a ruwa mai duhu, abin da Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya bayyana a 1951. Ɗan yauni mai tsawon yatsa abin sha'awa ne, amma babbansa yakan wuce mita ɗaya da rabi.

Akwai na biyar da ba a kama shi a arewa, sai dai a kawo shi daga kudu: kifin Kalaba, Erpetoichthys calabaricus, wanda ake kira « poisson-roseau ». Yana rayuwa a ruwayen da ke kusa da gaɓar teku daga Benin zuwa kudancin Kamaru. Ɗan uwan gartsa ne, siriri kamar igiya, ba ya cika kai santimita 40, kuma yana shaƙar iska shi ma.

Wa zai zauna da wa

Gaiwa ita kaɗai take zama. Ko 'yar uwarta aka sa mata, za su yi ta gutsure wa juna fukafukai da wutsiya. Fukafukan sukan sake tsirowa, amma raunin kan zama ƙofar cuta. Zaman lafiyar da ake gani tsakanin ƙananan gaiwa na ɗan lokaci ne, yana ƙarewa da zarar ɗaya ta fi ɗaya girma.

Yauni ma haka, kuma shi girmansa ya fi ƙarfin akwatin ɗaki. Wanda ba shi da babban kwarmin siminti a tsakar gida gara ya bar shi a kogi.

Gartsa tana iya zama da 'yan uwanta, da sharaɗin girmansu ya yi kusa. Ƙa'idarta ɗaya ce: duk abin da ya shiga bakinta abinci ne. Gartsa mai santimita 30 za ta haɗiye mai santimita 10, kuma za ta iya zuƙe siririn kifin Kalaba ko ƙaramin mai ƙaya daga wutsiya.

Kifin Kalaba shi ne ya fi dacewa da mai son ganin kifaye da yawa tare. Yana jin daɗin zama cikin 'yan uwansa, har akan ga huɗu ko biyar sun cusa kansu a rami ɗaya sun nannaɗe juna.

Mai ƙaya yana tsaka-tsaki. Ƙanana sukan haƙura da juna, manya kuwa kowa yakan kama wurinsa ya kori ɗan uwansa. Haɗa biyu ya fi haɗari, domin mai ƙarfi zai tare a kan mai rauni shi kaɗai. Ko dai a ajiye ɗaya, ko a ajiye da dama a babban akwati mai maɓoya da yawa. Idan an haɗa shi da gartsa mai girmansa, ba faɗa ne ke kashe shi ba, yunwa ce, don kafin ya fito daga yashi an cinye abincin.

Akwati, yashi da murfi

Waɗannan kifaye a ƙasa suke zama, saboda haka tsawo da faɗin akwati sun fi zurfinsa muhimmanci. Lissafin ruwan da sauƙi: a ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000. Akwati mai 120 da 50 da 50 yana ɗaukar lita 300, wanda zai wadaci ƙananan gartsa uku ko kifin Kalaba biyar. Babbar gaiwa tana bukatar wuri mai tsawon mita biyu, da faɗin da za ta juya ba tare da ta lanƙwashe ba. A tuna kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwatin lita 300, da gilashinsa da yashinsa, ya fi buhun siminti shida nauyi, don haka teburin ɗaki ba zai ɗauke shi ba, sai ƙarfe mai kauri ko dakalin bulo mai shimfiɗaɗɗen sama.

A shimfiɗa yashin kogi mai laushi, wanda aka wanke har ruwansa ya yi fari, kaurin yatsa uku. Tsakuwa mai kaifi tana yanka fatar mai ƙaya, raunin kuma ya kama ruɓewa. Maɓoya ba sai an sayo ta da tsada ba: guntayen bututun roba na masu aikin famfo, ko fasasshiyar tukunyar ƙasa da aka goge bakinta, sun isa. A sa maɓoya ta fi yawan kifayen, yadda wanda aka kora zai sami inda zai shiga.

Murfi shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Duk waɗannan kifaye gwanayen tserewa ne, kuma ramin da wayar famfo ke bi ya ishe su. A rufe akwatin da gilashi ko ragar roba, a ɗora abu mai nauyi, a toshe kowace kafa da soso. Amma kada a cika ruwa har baki. A bar tazarar yatsa huɗu tsakanin ruwa da murfi, domin masu huhu su sami iskar shaƙa.

Ruwa, zafi da ɗaukewar wuta

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kashinsa da numfashinsa, kuma wannan sinadari guba ne gare shi. A kogi ruwa ke tafiya da shi. A akwati kuwa wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, da ke zama a soson matatar ruwa da cikin yashi, suke mayar da shi abin da ba ya cutarwa sosai. Ƙwayoyin sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Shi ya sa sabon akwati da aka cika da kifi rana ɗaya yake kashe su ko da ruwan yana sheƙi. A kunna matata tun kafin a kawo kifi, ana jefa ɗan abinci kaɗan don ƙwayoyin su samu, sannan a riƙa ƙara kifi ɗaya bayan ɗaya.

Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, wanda ke ƙona matsatsin numfashin kifi, yana kuma kashe ƙwayoyin nan. A tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana biyu kafin a yi amfani da shi. Soson matata kuma a ɗauraye shi a ruwan da aka kwaso daga akwatin, ba a bakin famfo ba, kuma sabulu ko javel kada su kusanci kayan kifi.

Zafin da ya fi dacewa da su tsakanin digiri 24 ne da 28. A Garwa, a watannin Maris da Afrilu, zafin rana yakan kai 40 har ya wuce, kuma ruwa yana rasa iska in ya ɗumama: lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 8 na iskar oksijin a digiri 25, amma a 35 ba ta wuce 7 ba, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarta. A ajiye akwati a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Fanka da ke hura saman ruwa ta cikin murfin raga tana rage zafi. Kada a zuba ƙanƙara kai tsaye, domin saurin canjin ya fi zafin illa. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, a lulluɓe akwatin da bargo da dare.

A nan ne maganar wuta ke shigowa. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo, mai tazarar kimanin kilomita 50 daga Garwa, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Shekarun da ruwan madatsar ya yi ƙasa, ɗaukewar wuta takan tsananta da rani, wato daidai lokacin da ruwan akwati ya fi zafi. Gaiwa, gartsa da kifin Kalaba za su jure, tunda sama suke leƙowa su shaƙa. Mai ƙaya shi ne zai fara galabaita. Wanda ba shi da famfon iska mai batir ko ɗan farantin hasken rana, ya fi masa alheri ya tsaya kan masu huhu. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a daina ciyarwa, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama don iska ta shiga.

Ciyarwa

Dukkansu maciya nama ne. Burodi, tuwo da ragowar shinkafa ruɓewa kawai suke yi su ɓata ruwa. Abincin da ya fi karɓuwa a wurinsu tana ce, sai gara da shinge a farkon damina, da fara da aka cire wa ƙafafu, da ɗanyen jatan lande, da yankakken naman karfasa marar gishiri. Gaiwa da gartsa sukan saba da ƙwayar abincin tarwaɗa da masu kiwon kifi ke saya, musamman in an jiƙa ta ta nutse. Mai ƙaya yakan ƙi ta, sai tana ko tsutsar sauro. Naman shanu da na kaza ba su dace a mayar da su cimar kullum ba, saboda kitsensu yana taruwa a hantar kifi.

Ƙanana a ba su sau ɗaya a rana, manya sau biyu ko uku a mako. Lokacin da ya fi kyau bayan magariba ne, in an rage haske. A ba su abin da za su cinye cikin ɗan lokaci, duk abin da ya saura a kwashe shi kafin a kwanta. Kifin da ya kwana uku bai ci ba babu abin da zai same shi, amma guntun naman da ya kwana a ruwa mai digiri 30 zai iya gurɓata akwatin gaba ɗaya.

Idan kifaye da yawa ne, a zuba abinci a wurare biyu ko uku lokaci guda. Mai kunya kuma a kai masa nasa har ƙofar raminsa, ta hanyar zura bututu a sako tana ta ciki. A riƙa duba cikinsu kowane mako: wanda kansa ya fi jikinsa kauri ba ya samun rabonsa. Ita gaiwa da dogon tsinke ake miƙa mata, ba da yatsa ba, yara kuma a hana su tsoma hannu.

Haɗurran da ke cikin gida

Maganin sauro na fesawa da na kunnawa yawanci suna ɗauke da sinadaran da ke kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa. Kafin a fesa ɗaki, a kashe famfon iska, a rufe akwatin da zane mai kauri, kada a buɗe sai warin ya fita. Gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibiti, bai kamata a yanka shi a yi murfi ko koma da shi ba. Haka tanar da aka tono a gefen gonar auduga ko lambun da ake fesa wa magani, tana iya zuwa da gubar a jikinta.

Dodon koɗi abinci ne da gaiwa ke so, amma wasu ƙananan nau'o'insa da ke tafkuna da magudanan ban ruwa su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar fitsarin jini da ta zama ruwan dare a yankin Binuwai da Tafkin Chadi. Ƙwayar tana fita daga jikinsa ta shiga ruwa, ta huda fatar duk wanda ya tsoma hannu. Kada a kawo shi da rai cikin gida.

Sabon kifi kuma a keɓe shi a wani baho na mako uku zuwa huɗu kafin a haɗa shi da na gida, don a ga ko yana da rauni, farin tabo ko ƙwari a jiki.

Kafin a saya

Lokacin saye ma abin dubawa ne. Hukumomin ma'aikatar kiwo da kamun kifi ta Kamaru, MINEPIA, sukan rufe su a tafkin Lagdo daga Yuli zuwa Satumba don kifi ya hayayyafa. Sayen 'ya'yan kifi daga can a wannan tsakani taimaka wa karya dokar ne, kuma masuntan da abincinsu ke cikin tafkin su ne za su ji a jikinsu.

Sai tsawon rai. Gartsa takan haura shekara 10 a hannun mai kula, gaiwa kuma 20. Wani ɗan uwanta na Ostareliya da aka kai gidan kifi na Shedd a birnin Chicago a 1933 bai mutu ba sai a 2017. Yaron da aka saya wa 'yar gaiwa yana firamare zai iya gama jami'a tana nan da ranta, ta kuma ninka girmanta sau da yawa. Idan kiwon ya gagara, kifin da aka kawo daga kudu ko daga wata ƙasa ba a sakinsa a Binuwai, domin yana iya shigar da cutar da kifayen kogin ba su san ta ba. A nemi wani mai kiwo a ba shi.

Ga mai farawa a Djamboutou, ko a duk garin da zafi da ɗaukewar wuta suka haɗu, zaɓin da ya fi sauƙi shi ne ƙananan gartsa biyu ko uku masu girma ɗaya, a akwati mai lita 300 da murfi mai nauyi. Wanda gaiwa ce ta kwanta masa a rai, ya ba ta wurinta ita kaɗai, ya kuma tanadi inda zai mayar da ita ranar da gilashin ya yi mata kaɗan.